Zafin da ya kashe mutum 739 a Shikago: wa zai ƙwanƙwasa maka ƙofa?

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwan da suka ce data ba ta isarsu su saurari sautin, da kuma waɗanda dama sun fi jin daɗin karatu. Yana da ɗan tsawo, a bi shi a hankali.

Akwai wasu kalamai da suka zama yayi a tsakaninmu matasa. Duk wanda ke leƙa WhatsApp ko TikTok ya san su. "Ni fa ba ruwana da kowa." "Na rage mutane a rayuwata, yanzu hankalina kwance." "Ka gina kanka, babu wanda zai zo ya cece ka." Ana ɗora su a kan hoton zaki ko na wani mai kwat da taye, a saka kiɗa mai sanyi a ƙasa. Ba zan ce maganganun nan ƙarya ne gaba ɗaya ba, akwai dalilin da ya sa suke shiga zuciya, kuma za mu zo kansa. Amma yau so nake mu ɗauki wannan tunani mu auna shi da wani abu da ya faru da gaske, a wani birni inda dubban mutane suka rayu a kan tsarin "ba ruwana da kowa", wasu da son ransu, wasu kuma dole ce ta sa su.

Birnin shi ne Shikago, a ƙasar Amurka. Ranar Alhamis 13 ga Yulin 1995 zafi ya kai digiri 41 a ma'aunin salshiyos. Na san wani ɗan Sakkwato ko ɗan Maiduguri zai yi dariya ya ce 41 ɗin me, mu da muke shan 43 muna azumi? To ka tsaya. Zafin nasu ya zo da gumi, iska ta cika da danshi, irin wanda zufa ba ta bushewa a jiki, kuma in zufa ba ta bushe ba jiki ba ya hucewa. In aka haɗa da danshin, abin da jiki ke ji ya haura digiri 50. Gidajensu kuma na jan bulo ne, an gina su don su riƙe ɗumi saboda tsananin sanyin hunturu, sai suka koma kamar tanda. Dare ya yi, gari bai huce ba. Kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki a lokaci guda, lantarki ya kasa ɗauka, gidaje kusan dubu 49 suka rasa wuta. Yara a unguwannin talakawa suka rinƙa buɗe famfunan kashe gobara na bakin titi suna wanka, ƙarfin ruwa ya ragu, wasu benayen ruwa ya daina hawa. Asibitoci 23 suka ce sun cika, kada a kawo musu kowa, motocin asibiti suna ta yawo da marasa lafiya suna neman inda za a karɓe su.

Shi zafi ba a ranar farko yake kisa ba, taruwa yake yi a jiki. A ranakun da babu komai, mutum 72 ne ke mutuwa a birnin a kullum. Ranar Asabar 15 ga wata mutum 365 ne suka mutu. Mutuware ta cika, har sai da wani kamfanin nama ya ba da aron manyan motocinsa masu firji aka jera su a harabar wurin ana ajiye gawarwaki a ciki. Da aka zo lissafi daga baya, aka ɗauki yawan waɗanda suka mutu daga 14 zuwa 20 ga Yuli, aka cire adadin da aka saba gani a irin wannan mako, sai ya rage mutum 739. Waɗannan su ne zafin ya ɗauka. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka tabbatar zafi ne ya kashe su sun haura shekara 65.

Da yawansu a ɗaki aka same su, ƙofa a kulle, taga a rufe, su kaɗai. Wasu sai da wari ya fito sannan maƙwabta suka kira 'yan sanda. Ƙarshen watan Agusta aka haƙa dogon rami a wata maƙabarta a wajen gari aka binne gawarwakin da babu wanda ya zo ya ce nasa ne, 41 daga cikinsu na wannan zafin ne. Ku yi tunanin wannan a ma'aunin mu nan, inda ko baƙo ya rasu a tasha sai an samu sahu biyu ko uku a bayansa.

Hukumomi da farko musu suka yi. Magajin garin na lokacin, Richard Daley, ya nuna shakku a kan alƙaluman da likitan binciken gawa na yankin, Edmund Donoghue, ke fitarwa. Wani babban jami'in birnin kuma ya ɗora laifin a kan mamatan, wai sakaci suka yi da kansu. Ku riƙe wannan maganar, don ita ce ɗaya fuskar "ka gina kanka, babu mai ceton ka". In kowa shi ke da alhakin kansa shi kaɗai, to duk wanda ya faɗi shi ya so.

Wani masanin zamantakewa ɗan asalin birnin, Eric Klinenberg, bai gamsu da wannan bayani ba. Ya shafe shekaru yana bin unguwannin, ya fitar da littafi a 2002 mai suna Heat Wave. Abin da ya yi kamar binciken gawa ne, amma gawar da ya bincika ita ce zamantakewar birnin. Abu na farko da ya gani ba abin mamaki ba ne: talauci da wariyar launin fata sun yi aiki. Cikin unguwanni goma da aka fi mutuwa, takwas kusan duk baƙaƙen fata ne ke zaune a cikinsu. Amma sai ya lura da wani abu da bai dace da wannan zanen ba. Cikin unguwanni goma da aka fi tsira, uku ma na baƙaƙen fata ne matalauta, masu fama da laifuka. Me ya raba su?

Ya ɗauki unguwanni biyu da ke manne da juna. North Lawndale, mafi yawa baƙaƙen fata, da South Lawndale wadda ake kira Little Village, mafi yawa 'yan asalin Meziko. Rana ɗaya ce ta gasa su. Yawan tsofaffi matalauta masu zama su kaɗai kusan ɗaya ne. A North Lawndale mutum 19 suka mutu, wato 40 cikin kowane dubu ɗari. A Little Village mutum 3, wato 4 cikin dubu ɗari. Ninki goma, alhali titi da layin dogo ne kawai a tsakaninsu.

Nan da nan mutane suka ce ai al'ada ce, 'yan Meziko suna da zumunci, suna riƙe iyayensu. Wasu masana ma suka yi masa raddi cewa North Lawndale ta fi talauci in aka duba unguwar gaba ɗaya, kuma wannan gaskiya ne. Shi ya sa misali na biyu ya fi burge ni. Englewood da Auburn Gresham, su ma maƙwabtan juna, dukkansu kashi 99 cikin ɗari baƙaƙen fata, dukkansu da talauci da rashin aiki. Englewood ta rasa mutum 33 cikin dubu ɗari. Auburn Gresham 3 kacal, ta ma fi wasu unguwannin masu kuɗi tsira. Nan babu zancen ƙabila.

Bambancin yana kan titi. North Lawndale da Englewood unguwanni ne da suka zube. Masana'antu sun tashi, ayyuka sun tafi, duk mai hali ya kwashe iyalinsa. North Lawndale tana da mutum wajen dubu 125 a 1960, zuwa 1990 ba su kai dubu 50 ba. Englewood ta rasa rabin mutanenta a wannan tsakanin. Abin da ya rage kangaye ne, da filayen da ciyawa ta cinye, da shagunan da aka rufe, da masu sayar da ƙwaya a kwana. Tsoho a irin wannan wuri ina za shi? Babu shagon da zai taka ya je, babu bencin da zai zauna, fita ma tsoro take ba shi. Sai ya koyi zaman ɗaki. Ya saka sakata biyu, wasu har ƙusa suka buga wa tagoginsu saboda ɓarayi. Dabarar da ta kare shi shekara goma ita ta kashe shi a kwana uku.

A Little Village kuwa titi cike yake. Shaguna, masu tura kura suna sayar da abinci, gidajen burodi, coci, yara suna kai da kawowa. Tsohuwa tana da dalilin fita kullum, ko da albasa ce za ta saya. Da zafi ya tsananta ta san shagon da ke da sanyi, ta shiga ta zauna, ba wanda zai kore ta don an san ta. In kuma ba ta fito ba, mai shago zai tambaya. A Auburn Gresham ma haka, mutane sun daɗe tare, suna da ƙungiyoyin layi da na coci, da zafin ya zo sun san ƙofar da ya kamata a fara bugawa.

Wannan shi ne gishirin maganar, kuma ina so mu daɗe a kansa. Ba wai mutanen Little Village sun fi na North Lawndale tausayi ba ne. Tausayi yana ko'ina. Abin da suke da shi shi ne wuraren da ke haɗa mutane ba tare da sun shirya haɗuwa ba, kullum, har fuska ta saba da fuska. Amfanin wannan sabo guda ɗaya ne mai girma: in ka ɓace, za a lura. Mutumin da ake gani kullum, rashin ganinsa labari ne. Wanda dama ba a ganinsa, rashin ganinsa ba komai ba ne, yau kamar jiya. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi bayan abin ya nuna haka: zama kai kaɗai da rashin fita daga gida kullum suna cikin abubuwan da suka ƙara haɗarin mutuwa, samun abokan hulɗa a kusa kuma ya rage shi.

Ga wani abu da ya kamata mu maza mu ji da kyau. Tsofaffi mata sun fi maza yawan zama su kaɗai a birnin, don haka da an yi hasashe sai a ce su za su fi mutuwa. Sai aka samu akasin haka. In aka daidaita shekaru, haɗarin namiji ya ninka na mace fiye da sau biyu, kuma gawarwakin da ba a zo nema ba mafi yawansu maza ne. Matan suna zaune su kaɗai amma ba su yanke ba, suna kiran 'ya'ya, suna da ƙawaye, suna gaisawa da maƙwabta. Mazan kuwa zumuncinsu a wurin aiki yake, da aikin ya ƙare komai ya ƙare. Ga kuma girman kai irin na wanda ya rayu yana cewa bai taɓa roƙon kowa ba. Birnin ya buɗe wuraren shan sanyi, da yawa ba su je ba. Wato zama kai kaɗai daban, yankewa daga mutane daban.

To mu ina ruwanmu da Shikago? Na farko, zafin yana nan tafe mana, ya ma iso. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya karɓi gawa 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa 130 aka samu. Fiye da rabinsu sun haura shekara 60. Wannan yankinmu ne, rana ɗaya ce da mu, matsalar wuta ma iri ɗaya.

Na biyu, abin da ya ceci Little Village muna da shi, har ma ya fi nasu, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin komai ba. Ku duba masallacin unguwa. Ban da ibadar da ake yi a ciki, wuri ne da ake ƙirga mutane sau biyar a rana ba tare da an riƙe rajista ba. Dattijo ya rasa Asuba da Azahar, kafin La'asar wani ya ce "yau ban ga Malam ba, lafiya kuwa?" a tura yaro. Teburin mai shayi haka. Majalisa haka, wadda 'yan uwanmu na Nijar ke kira fada. Mai kanti da ke ba da bashi ya san gidan da aka kwana biyu ba a aiko sayen komai ba. Uwar adashi ta san wadda zubinta ya fara makara, ta kuma san dalili tun kafin a faɗa. Gayya a ƙauye, inda ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya gobe a koma ta wani, ita ma ta wannan gidan ce. Masu bincike a ƙasashen da suka rasa irin waɗannan abubuwa suna rubuta littattafai a kan yadda za a ƙirƙiro su. Mu gadonsu muka yi.

Amma gado yana ƙarewa in ana ci ba a ƙarawa. Ku dubi sababbin unguwannin da ake ginawa a gefen Kano, Kaduna ko Abuja. Katanga ta fi mutum biyu tsawo, waya mai yanka a sama, get na ƙarfe, babu zaure, babu dakali. Mota ta fito, get ya rufe. Mutum zai shekara uku bai san sunan wanda suke haɗa katanga ba. Kuma ban ga laifin mai katangar ba fa. Wanda ya ji labarin yadda ake haɗa baki da na kusa a sace mutum don kuɗin fansa, in ya rage sakin jiki da mutane ba hauka ya yi ba. Tsoho a North Lawndale ma ba hauka ya yi ba da ya buga ƙusa a taga. Rashin tsaro ba rayuka kaɗai yake ci ba, yana cin yarda, ita kuma yarda in ta tafi kowa sai ya koma ɗakinsa.

Ga tsadar rayuwa ta ƙara nata. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, ziyara ta zama abin da ake yi wa lissafi. An ce zumunci a ƙafa yake, to yanzu ƙafar tana bukatar kuɗin adaidaita zuwa da dawowa. Ta'aziyya ta koma saƙo, barka ta koma hoton fure. Wanda ba shi da abin da zai riƙa in ya je, sai ya ƙi zuwa saboda kunya.

Sannan ko a tsohuwar unguwa ba kowa ne ke cikin ƙirgar ba. Masallaci da majalisa da mai shayi duk maza suke ƙirgawa. Matar da aka kawo aure daga wani gari, mijin ya fita tun safe, ba ta san kowa ba, wa ke ƙirga ta? Tsohuwar da 'ya'yanta suka watse neman abinci? Wanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu a Zamfara ko Katsina, yana kwana a kangon da ba a gama ba, mai unguwa ma bai san da shi ba? Ɗan ci-rani a Legas da ke kwana a shago? Ko ɗan uwanmu da ya gama digiri shekara huɗu babu aiki, ya daina zuwa majalisa don ya gaji da tambayar "har yanzu shiru?", ya koma ɗaki shi da waya? Wannan na ƙarshen kuna da shi a layinku, na tabbata. Yana iya kasancewa ma shi ne ke ɗora hoton zakin nan.

Yanzu bari mu yi wa masu "ba ruwana da kowa" adalci, don suna da hujja. Jama'a tana da tsada. Idon da ke lura ba ka fito ba shi ne idon da ke lura da wa ka fita, me kika saka, me ya sa har yanzu ba ki yi aure ba, me ya sa aurenki ya mutu. Sa ido da gulma sun kori mutane da yawa daga cikin mutane, musamman mata. Akwai kuma nauyi. Matashi ya samu ɗan aiki, albashin bai isa wata ba amma mutum goma sun riga sun raba shi a zuciyarsu, in ya ce babu a ce ya yi kuɗi ya canza. Ba zai iya tara jari ba, ba zai iya ƙaro karatu ba. Irin wannan in ya ce zai ja baya ya gina kansa, ni ban ga abin zargi ba. Al'ummar da ke cinye duk wanda ya fara ɗagowa, kanta take talautawa.

Inda nake rabuwa da su shi ne a ma'anar ƙarfin. Ku koma kan gayya. Ba a zuwa gayya hannu rabbana, kowa da fartanyarsa yake zuwa, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ke jan kunya a gaba. Adashi ba ya tafiya sai kowa yana da abin zubawa. Ke nan jama'a tana bukatar mutane masu tsayawa da ƙafarsu: mai sana'a, mai ilimi, mai lafiya, mai ɗan abin da ya ajiye. Taron mutum ɗari da babu mai iya ɗaukar wani ba kariya ba ne. Don haka ka koyi sana'ar, ka yi ajiyar, ka iya cewa "wannan ba zan iya ba" ba tare da jin ka yi zunubi ba. Amma iyakance abin da za ka bayar daban, ɓacewa daban. Kana iya hana ɗan uwa rancen da ka san ba zai dawo ba, kuma ka je sunan ɗansa. Kana iya ƙin zama majalisar da ake cin naman mutane, amma ka tsaya minti biyar ku gaisa. Abin da kalaman nan na intanet ke yi shi ne haɗa biyun su zama ɗaya, su sayar maka da yankewa da sunan kwanciyar hankali.

Kuma lissafinsu yana da rami. Duk wanda ke cewa ba ya bukatar kowa, yana faɗa ne a ranar da yake da lafiya, da caji a waya, da kuɗi a asusu. Mun ga farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, mutum da miliyoyi a banki ya kasa sayen burodi, sai mai kantin da ya san fuskarsa ne ya ba shi bashi. Mazan Shikago ɗin nan da yawansu ma'aikatan masana'antu ne, wasu tsofaffin sojoji, mutane masu ƙarfi da suka riƙe kansu shekara da shekaru. Bugun zafi kuwa abin da yake fara taɓawa shi ne ƙwaƙwalwa. Mutum ya rikice, ya kasa gane yana cikin haɗari, balle ya ɗauki waya. A wannan lokacin duk ƙarfinka ba ya aiki, saura kawai ko akwai wanda zai ce bai gan ka ba.

Wani zai ce ai muna da guruf-guruf, muna da dubban mabiya. Ban raina su ba. Mun ga yadda ake tara kuɗin aikin asibiti a Facebook cikin kwana biyu, abin da unguwa ba za ta iya ba. Amma waya tana amsa wanda ya yi magana ne. Wanda ya yi shiru, manhaja ba ta nemansa, wani take turo maka a madadinsa. A guruf mai mutum 200, wa ya taɓa lura cewa wane ya yi wata biyu bai ce uffan ba?

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hali yanzu da kuɗin gwamnati suke neman magani. Birtaniya ta naɗa ministar kula da matsalar kaɗaici a Janairun 2018. Japan ta yi haka a 2021, ƙasar da har suna da kalma ta musamman, kodokushi, ga mutuwar da ba a ganowa sai bayan kwanaki ko makonni. A Mayun 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa illar yankewa daga mutane ga lafiya tana iya kaiwa ta shan taba sigari kara 15 a rana. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike 148 a kan mutum sama da dubu 300 ya samu cewa masu ƙaƙƙarfar alaƙa da mutane sun fi sauran damar tsawon rai da kusan kashi 50 cikin ɗari.

Sai dai akwai tarko a nan, kuma mu masu fafutuka mun san shi. Da zarar an fara yabon juriyar al'umma, masu mulki sai su ji daɗi, don an sauke musu kaya. "Mutanenmu akwai haƙuri, akwai taimakon juna." Lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, jama'a sun yi abin a yaba, an ciyar da juna, an buɗe gidaje ga waɗanda suka rasa nasu. Amma ba aikin maƙwabci ba ne kula da madatsar ruwa. North Lawndale ma ba halin mutanenta ne ya lalace ba, ayyuka ne suka tafi, hukuma ta juya baya, titi ya mutu. Shikago kanta ta nuna haka. Da wani zafin ya dawo a 1999, birnin ya yi shelar gargaɗi da wuri, ya buɗe wuraren shan sanyi da motocin kai mutane kyauta, aka rinƙa buga wa tsofaffi waya, aka tura 'yan sanda da ma'aikata gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa. Mutum 110 suka mutu. Har yanzu da yawa, amma ku kwatanta da 739. Wato hukuma ta ɗauki aikin da mai shagon Little Village ke yi ta mai da shi tsari. Faransa ba ta ɗauki darasin da wuri ba, a Agustan 2003 zafi ya kashe mata mutum kusan dubu 15, akasari tsofaffi.

Shi ya sa in kun ga an yanka filin ƙwallon unguwa an yi shaguna, ko an bar laburare ya zama kango, ko layi ya shekara babu fitila har mutane sun daina zama a waje bayan Isha'i, kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. Wuraren da ake ganin juna ne ake ragewa, kuma wannan magana ce da ta cancanci a kai ta gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma kamar yadda ake kai zancen kwalbati.

Kafin mu rufe, tunda bazara ba ta fasa zuwa, ga abin da ya kamata kowa ya sani. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar matasa, jikinsu kuma ba ya fitar da zafi da sauri, musamman masu hawan jini, ciwon suga ko ciwon zuciya. Ɗakin kwano marar silin da rana tsaka ya fi waje haɗari. In ka shiga ka tarar da mutum jikinsa ya yi zafi rau, yana magana ba kan gado, ko yana layi, ko ya suma, kada a tsaya cewa iska ce ko maleriya ce a jira yamma. A fitar da shi inuwa, a rage masa kaya, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take. In ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa ruwa a baki, zai iya shaƙewa. A Shikago ma'aikatan birni da jerin sunaye suka yi aiki a 1999. A layinku, ku da abokanku uku za ku iya rubuta naku jerin a zama ɗaya wurin mai shayi: gidajen da tsoho ko tsohuwa ke kwana su kaɗai, da wanda zai leƙa kowanne da azahar in gari ya ɗau zafi. Gidajen da maza ba sa shiga, a saka ƙanne mata a cikin lissafin.

Nan za mu dakata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan adashin da ya koma waya, da abin da ke faruwa in uwar adashin ba ta taɓa ganin fuskar masu zubi ba. A huta lafiya.